Shekarar da Mahaifiyarku Ta Ƙi Tsaga Citta

Ranar Asabar ce, a makon farko na watan Disamba, shekarar da ta biyo bayan sauya wa jiharmu suna zuwa Kaduna. Hantsi ya ɗaga, inuwar katanga ta fara janyewa daga bakin rijiya. Mu huɗu ne a tsakar gidan haya da ke bayan tashar jirgin ƙasa a Kafanchan: ni, da mahaifiyarku Rifkatu, da Baba Shekari mai gidan, da Asabe mai ƙosai, gwauruwar da ɗakinta ke kallon namu. 'Yarmu Talatu tana goye a bayan uwarta, saboda haka ban sa ta a lissafi ba, ko da yake a yau ita ce ta fi kowa cewa ta tuna abin da ya faru.

Na fara daga wannan safiya ne domin daga gare ta maganar da kuka girma kuna ji ta samo asali. Kun ji ana cewa an taɓa sa mahaifiyarku a horo a ikkilisiya. Gaskiya ne, an sa ta. Sai dai masu faɗin haka sukan tsaya a nan, su bar mai sauraro ya ƙarasa da zuciyarsa, kuma kun san irin laifin da akan hori mace a kansa a wancan zamani. Ita ba ta taɓa buɗe baki ta wanke kanta ba har Ubangiji ya kira ta. Ni kuwa tun a makarantar mishan aka koya mini cewa aikin da aka bari rabi ba a yi shi ba. Don haka zan rubuta muku maganar daga tushe, bi da bi, kuma ina so ku karanta ta haka, ba tare da tsallake ba.

A lokacin ina koyarwa a wata makarantar firamare a ƙauyen da ke gaba da Zonkwa. Nakan shigo jirgi ranar Jumma'a da yamma, in koma ranar Litinin da sassafe. Mahaifiyarku ce ke zaune a Kafanchan, tana aikin unguwarzoma a asibiti, kuma ita ta kama wurin tun kafin ni in ga gidan: ciki da falo, da ɗan madafi a gefe, da ɗiban ruwa a rijiyar tsakar gida kamar sauran masu haya. Ku riƙe wannan, domin shi ya sa maganar ta zama tata tun daga farko har ƙarshe.

Baba Shekari ba mugun mutum ba ne, kuma ban yarda wani a cikinku ya kira shi haka ba. Da citta ya gina gidan nan, ɗaki bayan ɗaki. Dattijon ikkilisiyarmu ne, ba ya sha, ba ya ƙarya, shi ke fara isa majami'a ranar Lahadi. Abin da ya same shi shi ne, ya baro ƙauye amma bai baro al'adar ƙauye ba. A garuruwanmu, idan baƙo ya zo aka ba shi masauki da ɗan fili, to duk ran da mai masaukin ya kira gayya, baƙon zai saɓa garmarsa ya je. Ba mai kiran wannan biya. Shaida ce cewa ka san a inuwar wa kake zaune. Baba Shekari yana karɓar haya kowane ƙarshen wata, amma a ransa mu baƙinsa ne da ya saukar. Mu ma masu hayar, da yake duk 'ya'yan ƙauye ne, haka muka ɗauki kanmu. Idan kaka ta yi, mota ta juye masa citta a tsakar gida, sai ya raba wuƙaƙe, kowace mace a gidan ta zauna tsaga, maza su yi shanya da ɗurin buhu. Ba lada, sai kunun da matarsa ke damawa.

Ku da kuka san citta a cikin shayi kawai, ba ku san ta ba. Ɗanyar citta akan tsaga ta gida biyu a tsaye, ɗaya bayan ɗaya, kafin a shanya. Wuƙar ƙarama ce mai kaifi, cittar kuwa kowace da irin karkatarta, saboda haka babu macen da za ta yini tana tsaga ba ta yanke ba. Ruwanta yana shiga yankan, yana shiga ƙarƙashin farce, yajin kuma yakan zauna a fata kwana da kwanaki, ko da wane sabulu aka wanke. A kakar da ta gabata mahaifiyarku ta yi tsagar tare da sauran mata. Da ta koma aiki ta tarar safar hannu ta ƙare a ɗakin haihuwa, kamar yadda takan ƙare a lokacin. Ta duba wata mai naƙuda da hannun da ta wanke ta sake wankewa, matar ta ƙwalla ƙara ta ce wuta aka sa mata. Bayan haka mahaifiyarku ta zauna ta yi tunanin abin da yankakken yatsa ke iya ɗauka daga wata mace ya kai wa wata, da abin da yaji zai yi wa idon jariri. A ranar ta yanke shawara, ta kuma riƙe ta har kaka ta zagayo, ba wanda ya sani sai ni.

To, a safiyar da na ambata, Baba Shekari ya zagayo da wuƙaƙe a cikin ƙwarya. Ya miƙa wa Asabe, ta ɗauka. Ya miƙa wa mahaifiyarku, sai ta durƙusa har ƙasa da goyonta, ta ɗora hannuwanta a kan cinya. Zan rubuta maganarsa yadda ya faɗe ta, da Hausarsa ta kasuwa wadda ba ta damu da raba mace da namiji ba.

"Baba, ka gafarce ni," in ji ta, "bana ba zan taɓa citta ba. Da hannun nan nake karɓar haihuwa."

"Bara ba da shi ka karɓa ba?"

"Da shi na karɓa, Baba. Shi ya sa."

"Ka ji 'yan boko. Mu da hannun noma aka karɓe mu, ga ni nan a tsaye." Ya juyo wurina. "Malam, matanka ne, ko na gwamnati?"

"Tawa ce, Baba, kuma da sanina ta yi maganar. In aikin ne, a ba ni wuƙar, ni zan tsaga rabonta."

Asabe ta tuntsire da dariya. "Malam da wuƙar citta? To bana Turawa za su sha shayi da yatsa."

Baba Shekari bai yi dariya ba. Ya mayar da wuƙar cikin ƙwarya a hankali.

"Ba hannu nake nema ba, Malam. Hannu yana kasuwa in ina so. A gidana, wanda na kira shi ne zai zo."

Da na dawo Jumma'ar da ta biyo baya, na tarar an yi wa rijiya murfin katako an ɗaura kwaɗo. Baba Shekari ya shaida wa mutanen gidan cewa mabuɗi zai fito ran da Sista ta ɗauki wuƙa. Sista suke kiranta, kamar yadda ake kiran duk macen da ke sa farar riga a asibiti. Dabarar ta yi aiki yadda ya so, domin ba shi aka ji wa haushi ba. Kowa ya koma bin layi a famfon tasha, kowa kuma ya san saboda wa. Asabe ta fi kowa shan wuya, don sana'arta ta asuba ce, wake kuma ba ya wankuwa da yawu. Tana daga bakin kaskonta take jefo magana.

"Sista mai hannun auduga, an tashi lafiya? Ki tsaga mana ko kwano ɗaya ne, mu huta da wannan hijira."

"Yaya Asabe, in na tsaga kwano ɗaya bana, baɗi buhu ne."

"Baɗi na Allah ne. Ni ƙosan gobe nake tunani."

Daga ranar, kafin mahaifiyarku ta tafi aiki, takan je famfon tasha sau biyu, ta juye na farko a randar Asabe, na biyu a tamu. Asabe takan karɓi ruwan, ta yi godiya, ta ci gaba da gori, duka a numfashi ɗaya. Akwai wani ma'aikacin reluwe a gidan, ƙaƙƙarfan mutum, wanda ya zo da guduma ya ce a bar shi da kwaɗon. Mahaifiyarku ta tare shi. Ta ce yanzu mai laifi ɗaya ne a gidan, in aka fasa kwaɗo sun zama biyu, kuma mai raba gardama ba zai san ta inda zai fara ba. Na daɗe ina koyar da yara tsari, amma ban taɓa jin an faɗe shi a taƙaice haka ba.

Washegarin Jumma'ar da na tarar da kwaɗon muka sami Baba Shekari shi kaɗai a shagonsa, kamar yadda ya kamata a fara. Mahaifiyarku ta sake bayyana masa dalili, ba ta ɗaga murya ba. Ya saurara har ta gama, sa'an nan ya ce ya ba mu zuwa Lahadi: ko wuƙa, ko mu kwashe kayanmu. Ya san abin da yake faɗa. A kakar citta babu ɗakin haya a Kafanchan ko na magani, domin fatake da 'yan dako sun cika ko'ina, ita kuwa dole ta zauna kusa da asibiti, don akan aiko kiranta a kowane lokaci. Barin gidan nan daidai yake da barin aikin, ko kuma raba ta da jaririyarta a kai ƙauye. Lahadi ta zo ta wuce, ba mu kwashe ba, ba ta kuma ɗauki wuƙa ba. A tsakiyar makon, tana wurin aiki, ya kawo kafinta ya ɓalle ƙofar ɗakinmu, aka kai ta sito aka jingina a kan buhunan citta. Ta dawo ta tarar da awakin maƙwabta a falo sun zubar da garin masara. Ta kore su, ta share, ta rataya asabari a bakin ƙofa, ta gicciya turmi a ƙasa. Haka ta kwana har na dawo, mace ita kaɗai da jaririya, a gidan da ke bayan tasha, inda kowane jirgi ke sauke mutanen da ba wanda ya san su.

A shekarar nan gwamnatin soja ta riga ta kafa dokar haya, rediyo kuma ya yi ta bayaninta da Hausa. Dokar ta ce mai gida ba shi da ikon fitar da mai haya da hannunsa. Sai ya ba shi wa'adi yadda aka tsara, in bai tashi ba a je kotun haya, ita ce mai fitarwa. Ba shi da ikon takura masa ta hanyar tsare ruwa ko cire ƙofa ko kwanon rufi, ba kuma zai ɗora masa wani abu a kan hayar da aka yi yarjejeniya ba. Kada ku ɗauka mahaifiyarku ta san wani abu ne da sauran ba su sani ba. Kowa a gidan ya ji, har Baba Shekari, wanda rediyonsa ya fi na kowa ƙara. Amma duk mun ji ta ne kamar labarin mutanen Kaduna da Ikko. Ba wanda ya taɓa kawowa a ransa cewa doka za ta shigo tsakanin mutum da dattijon da yake kira Baba.

Da na ga asabarin nan a maimakon ƙofa, na ajiye jakata na tsaya. Ita ta fara magana.

"Baban Talatu, zan kai ƙara kotun haya."

"Akwai matakin da ba mu taka ba. Mun same shi shi kaɗai. Saura ikkilisiya."

"Na sani. Shi ya sa nake gaya maka yau, don ka kai ni wurin Fasto jibi."

Bayan sujada ranar Lahadi dattawa suka zauna a ɗakin da ke bayan majami'a. Baba Shekari ya shigo ya zauna a bencin dattawa, a wurin da ya saba, mu kuma aka nuna mana tsakiyar ɗaki. Na ce, cikin ladabi, wanda ake magana a kansa bai kamata ya zauna cikin masu yanke maganar ba. Fasto ya dubi ƙasa. Saurayi ne a lokacin, baƙo ne a garin, kuma kwanon da ke kanmu a ɗakin nan Baba Shekari ne ya saya. Ban raina shi ba, na dai lura. Aka saurari mahaifiyarku, sa'an nan dattawa suka yi ta magana ɗaya bayan ɗaya, duk a kan ladabi da biyayya. Ba wanda ya ambaci rijiya. Mafi tsufa a cikinsu ya ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, ta ba ubanta haƙuri a wuce wurin.

"Baba Fasto," in ji ta, "kullum ina durƙusa masa. Yau da safe ma na durƙusa. Ƙofar nake tambaya."

"'Yata, ki fara ba da haƙuri, sauran zai biyo baya," in ji Fasto.

"In na ba da haƙuri ban ɗauki wuƙa ba, Baba zai mayar?"

Aka dubi Baba Shekari. Ya ce a'a. Na faɗa muku ba ya ƙarya.

Sai tsohon nan ya ɗaga yatsa ya ce ya ji ƙishin-ƙishin ana zancen kotu. Ya ce ta sani, a ikkilisiyarmu ɗan'uwa ba ya kai ɗan'uwa gaban hukumar duniya, balle 'ya ta kai uba, kuma duk wanda ya yi, horo ne. Fasto ya ce a yi addu'a. Aka yi addu'a, aka tashi.

Ina so ku auna abin da aka ɗora mata a sikeli. Mahaifiyarku tun tana yarinya aka yi mata baftisma. Ita ke ba da waƙa a zumuntar mata, ita ke wanke ƙoƙunan Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙo na masu bi, kuma tun da ta fara ci ba ta taɓa fashi ba sai ran da haihuwa ta tsare ta a asibiti. Ba ta da dangi a Kafanchan, ikkilisiya ce danginta. A kan hanyar komawa gida na tayar da maganar.

"Kin ji abin da suka ce, Maman Talatu."

"Na ji."

"Ba zan hana ki ba, ba kuma zan tura ki ba. In kin je, tare za mu je."

"Ai ba kai za a mayar bencin baya na masu horo ba, Malam."

"Haka ne."

"To bar ni in yi tunani har in gama tuwo."

Ta tuƙa tuwon, ta kwashe, ta kawo mini. Tana ajiye kwanon ta ce in nemi izini a wurin hedimasta, domin za ta buƙace ni a gari a cikin mako.

Kotun haya a wani ɗaki take zama a ofishin ƙaramar hukuma, mutum uku a bayan tebur, shugabansu dattijo mai tabarau. Da aka sa mana rana, aka ce mahaifiyarku ta zo da shaidu. A nan na ji tsoro, domin ba wanda ya yarda ya zo. Ma'aikacin reluwe mai guduma ya ce yana da aiki a Jos. Asabe ta ce ita ba ta ga kome ba, idonta yana kan kasko. Ni kuwa ban kasance a gida ba ran da aka rufe rijiya, ko ran da aka cire ƙofa, kuma na gaya wa mahaifiyarku ba zan ce na ga abin da ban gani ba. Ta ce ita ma ba ta so in ce. Ya zama ke nan maganar mace ɗaya ce a kan ta dattijon da duk gari ya sani. Ta tsaya da farar rigarta, ta faɗi abin da ya faru daga wuƙa zuwa awaki, ba ta ƙara gishiri ba. Sa'an nan shugaban ya juya ga Baba Shekari, wanda ya zo da babbar riga kamar mai zuwa biki, ya tambaye shi ko ya san abin da ya sami ƙofar.

"Ni na cire," in ji Baba. "Ƙofana ne, ni na saya. Rijiya ma ni na haƙa, ni na rufe."

"Kana karɓar haya a hannunta?"

"Kowane wata. Bai taɓa fashi ba, wannan kam gaskiya ne."

"To me ya sa ka cire?"

"Ranka ya daɗe, yaro ya yi taurin kai a gidanka, ba za ka hore shi ba? Ni na ba su masauki. Duk matan gidan suna tsaga mini citta, shi kaɗai ya ce hannunsa ya fi na kowa."

"Kana biyansu tsagar?"

Baba ya dubi shugaban kamar ya zage shi. "In biya yaran gidana?"

Shugaban ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur. Ya yi magana a hankali, yadda ake yi wa babba.

"Baba, masauki daban, haya daban. Baƙon da ka saukar don Allah, kana iya kiransa gona. Amma ran da ka miƙa hannu ka karɓi haya, ka sayar da zaman ɗakin nan na wannan wata, da ƙofarsa, da ruwansa. Kowa ya ci ladan kuturu, ka san sauran."

"Yanzu gidana ba nawa ba ne?"

"Naka ne. In kana son ɗakinka akwai hanya. Ka ba ta wa'adi yadda doka ta ce, in ba ta tashi ba ka zo nan da dalilinka. In ya kama a fitar da ita, mu za mu fitar, ba kai ba."

Na dubi Baba Shekari a tsaye, na ga har lokacin bai gane cewa da bakinsa ya ba da shaidar da aka rasa ba. Da ya musa, ban san yadda za ta ƙare ba. Bai musa ba, domin a ganinsa babu abin ɓoyewa, kuma ina girmama shi a kan haka har yau.

Shugaban ya tambayi mahaifiyarku abin da take nema, ya kuma sanar da ita cewa tana iya neman diyyar wahalar da ta sha. Ta ce ba ta nema. Ta ce a mayar da ƙofa, a buɗe rijiya ga kowa. Sai ta ƙara da wanda ban san ta shirya ba: a aiko wani daga kotun ya tsaya a tsakar gidan, ya faɗa da bakinsa cewa tsagar citta ba ta cikin haya. Ta ce in ita ta faɗa, ba mai yarda, za a ce Sista ce da girman kanta. Mutum ukun suka haɗa kai, suka amince da duka. A bakin ƙofar fita Baba Shekari ya tsaya a gabanta.

"'Yata, ka kai ubanka gaban hukuma."

Ta durƙusa. "Na kai, Baba."

Washegari kafintan da ya ɓalle ƙofar shi ya mayar da ita, tana ƙanshin citta. Masinjan kotu ya tsaya a bakin rijiya ya faɗi abin da aka aiko shi, mata suna zaune da wuƙaƙe a hannu. Asabe ta sa ya maimaita. Sa'an nan ta ajiye wuƙarta a ƙasa, ta dube ta, ta sake ɗauka.

"Bari in ƙarasa wannan kwanon, na riga na fara. Amma na gaba, Baba, sai mun yi ciniki."

A Lahadin da ta biyo baya aka sanar da horon daga bagade. Ba a faɗi kotu ba, ba a faɗi ƙofa ba. Cewa aka yi an sa 'yar'uwa Rifkatu a horo har sai ta tuba, kuma daga wannan gajeriyar sanarwa ce duk abin da kuka ji ya tsiro. A majami'armu maza suna zama a dama, mata a hagu, bencin masu horo kuwa yana can baya kusa da ƙofa. Daga inda nake zama sai na waiga nake ganinta, ni kuwa ba na waige a cikin sujada, saboda haka muryarta kawai nake ji. An karɓe mata ba da waƙa, an ce ta ajiye zanen zumunta, amma ba a hana ta bin waƙa ba, kuma takan bi daga bayan kamar yadda take yi a gaba. Ran Jibin Ubangiji, idan aka ce masu horo su fita, takan ɗauki Talatu ta tsaya a gindin mangwaro har a gama, ta dawo a yi addu'ar rufewa da ita. Matan wata ikkilisiya, waɗanda ta karɓi haihuwarsu, suka zo har gida suka ce ta dawo wurinsu, za a karɓe ta hannu biyu. Na kawo mata maganar ni ma, don in ji ra'ayinta.

"Ba ikkilisiya ce ta cire mini ƙofa ba, Malam," in ji ta. "In na tafi, za a ce gudu na yi."

Hanyar fita daga horo ɗaya ce: mutum ya tsaya gaban dattawa ya ce ya tuba daga abin da ya yi. Kafin Ista suka kira ta, don Fasto yana so a gama. Ta ce tana baƙin ciki da ɓacin ran da Baba ya sha, tana kuma roƙon gafara in akwai kalmar raini da ta fita daga bakinta. Amma zuwa kotu, in ta ce ta tuba daga gare shi ta yi ƙarya, domin in aka sake cire ƙofar za ta sake zuwa. Dattawa suka ce wannan ba tuba ba ce. Ta yi godiya, ta koma bencinta. Suka sake kiranta bayan damina, ta faɗi abu ɗaya. Ina wurin duka biyun, kuma na shaida ba ta sauya ko kalma ba.

Mun zauna a gidan Baba Shekari har muka gama ginin namu. Bai taɓa ba mu wa'adi ba, bai kuma sake amsa gaisuwar mahaifiyarku ba har ya rasu. An ɗage horon a Kirsimeti ta shekara ta biyu, a kan maganar nan da ta faɗa wa dattawa tun farko, ba ta sauya ta ba.